Tsaron Sabon Gida In Mai Shi Ba Ya Nan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, bisa wani al'amari da ya same ni, wanda kuma na lura yana samun mutane da yawa, amma kunya ta kan hana su faɗi. Watau zancen mutumin da ya ƙare ginin gidansa, bai kai ga tarewa ba tafiya ta kama shi, ya komo ya tarar an yi masa ɓarna.

Ni akawu ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gini a wata sabuwar unguwa yamma da birnin Kano, yau buhun siminti biyar, gobe bulo ɗari, wata shekarar ma ko ƙusa ban saya ba. Cikin 2022 aka buga kwano, aka yi shafe, aka ja wayar wuta, aka sa ƙofofi da tagogi, na haƙa rijiyar burtsatse na zura mata inji. Saura fenti kaɗai, sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja. Na sayi manyan kwaɗuna uku na datse ƙofar gida, na jefa mabuɗai aljihu, na hau mota raina fari tas. Wata huɗu ban waiwayo ba.

Ran da na komo, kwaɗunana uku suna nan yadda na bar su, ba wanda ya ko taɓa su. Na buɗe na shiga ina murna, na ɗaga kai, sai ga sararin samaniya ta tsakiyar falo. Ashe ta baya suka hau, suka ɗaga fallen kwano biyu, suka ɓurma silin suka sauko. Wayar wuta duka an zare ta daga bango, ɗaki ɗaki. An kwance kawunan famfo, an jawo injin rijiya da igiyarsa, an cire ƙyauren ɗakuna uku. A tsakar gida ga baƙar toka inda suka ƙone robar wayar don su fid da jan ƙarfen da ke ciki, kusa da ita ga murhu na duwatsu uku da gwangwanin madara. Har shayi suka dafa! Da suka ƙare suka zare sakatar ƙaramar ƙofar baya daga ciki, suka fita ta ƙofa kamar masu gida. Wannan aiki ba na dare ɗaya ba ne. Mutanen da ba su jin tsoron kowa zai zo su ne suka yi shi, a natse.

Na zauna bisa bulo na yi ta tunani, tun daga ran nan kuma na shiga tambayar magina, da masu walda, da waɗanda abin ya taɓa shafa. Abin da na fahimta shi ne, ba lokacin da gida ya ke cikin hatsari kamar tsakanin ran da magina suka kwashe kayan aikinsu da ran da mai gida ya shigo da tabarmarsa. Kafin wannan akwai mutane a wurin kullum. Bayansa kuma akwai kukan yara da hayaƙin murhu. A tsakani kuwa ga dukiya sabuwa fil, ga shiru, ga unguwa wadda rabinta kangwaye ne da filayen da ba a gina ba, inda in an buga guduma da tsakar dare ba mai ji, wanda ya ji ma sai ya ce mai gida ne ke gyara.

Sa'an nan ka ƙidaya mutanen da suka san cikin gidanka. Magini da leburorinsa, da kafinta, da mai walda, da mai jan waya, da mai famfo, da direban tifa, da yaran da ke kawo ruwa, da mai kawo musu abinci. Ni da na lissafa nawa sun haura mutum arba'in. Kada wani ya ce na kira masu sana'a ɓarayi, Allah ya sawwaƙe, galibinsu mutanen kirki ne masu cin guminsu. Amma labari ba ya zama wuri ɗaya. Wani zai faɗa a teburin mai shayi, ba da wata manufa ba, cewa wane ya sa waya mai kauri a gidansa, ga shi kuma an mai da shi Abuja, a gefe kuwa wani yana kurɓar shayi yana saurare. Da ɗan gari a kan ci gari. Ko wace kuba da mabuɗi uku ko fiye ta kan zo, su kan yi wata da watanni a rataye bisa ƙusa ko cikin aljihun wannan da wancan, yanka wani irinsu a kasuwa kuwa aikin 'yan mintoci ne. Saboda haka ran da ma'aikacin ƙarshe ya fita, ran nan ya kamata a canja kubar ƙofofin waje duka. Kuma a biya kowa hakkinsa kafin a tashi. Ni na tafi leburori biyu suna bi na kuɗin kwana uku, na ce sai na dawo. Ban ce su ne ba, ba ni da shaida ko ɗaya, amma har yau abin yana yi mini ciwo, don na bar mutum da dalilin da zai gaya wa zuciyarsa cewa hakkinsa ya ɗauka.

Mai karatu zai yi mamaki, me ya kai ɓarawo ga wayar da ke cikin bango? Ɓarayin dā riga su ke nema, da akwatin kuɗi, da tasoshin mata. Su haƙa bangon ƙasa da dare, su zura jiki. Na yanzu ƙarfe su ke nema, domin ƙarfe ba shi da suna ba shi da kama, da an ƙone shi an dunƙule ba mai iya cewa nasa ne. Jan ƙarfe kuwa ya yi tsada a duniya, har cikin 2021 kuɗin tan ɗaya ya wuce dala 10,000 a kasuwar ƙarafa ta London, haka kuma ya sake yi cikin 2024. Wannan tsada ita ce ta gangaro har ta iso ma'aunin mai sayen jari bola na bayan gari. Abin takaici, wayar da ta ci mini albashin wata biyu, abin da za a ba su a kanta bisa sikeli bai taka kara ya karya ba. Masu jari bola da yawa halal su ke nema, suna kuma raba mu da shara. Amma muddin akwai ɓarawon zaune wanda zai auna kaya bai tambayi inda aka samo ba, ɓarawon tsaye ba zai huta ba. Hukuma ma ta ga wannan. Cikin watan Yuli na 2023 Gwamnan Borno, Babagana Umara Zulum, ya hana sana'ar tsintar ƙarafa a jiharsa, saboda kashe masu yinta da a ke yi a daji da kuma ɓarnar kayan jama'a. A Abuja kuma, cikin Janairu na 2025, bayan an yi ta sace murafun ramukan tituna, aka hana yawon bola cikin birni, aka rufe kasuwannin panteka mako biyu. To, abin da bai bar murfin ramin titin babban birnin ƙasa ba, ina zai bar gidan akawu a bayan gari?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifina na fari shi ne gaggawa. Na so in ga gida ya cika, in ce na gama. Da na sani, da na binne bututun waya cikin bango na bar shi wayam, sai ana mako guda in tare a zura wayar, aikin kwana biyu ne ko uku. Haka kawunan famfo, da tukunyar bayi, da fanka, da mita, da injin rijiya, da faifan hasken rana da batiransa, da ƙyauren ɗakunan ciki. Duk abin da mutum ɗaya zai iya kwancewa da sifana ya saɓa a kafaɗa, kada a ɗaura shi a gidan da ba a kwana. In ka riga ka saya don tsoron tashin farashi, wanda kuwa tsoro ne mai dalili, kai shi gidan da ka ke zaune ko gidan ɗan'uwa, ka ajiye rasit, ka rubuta lambar da ke jikin ko wane inji cikin littafi, ka ɗauki hotonsa. Ran da za ka je wurin 'yan sanda, tambayar fari ita ce wace alama kayanka ke da ita, ni kuwa ran nan ba ni da amsa.

Malamai da ke karanta wannan sun fi ni sanin cewa a littattafan fiƙihu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, hukuncin sata mai tsanani ba ya hawa kan mutum sai ya fid da kaya daga hirzi, watau wurin da a kan adana irin wannan kaya bisa al'ada. Dokar laifuffuka da aka fara aiki da ita a Arewa cikin 1960 ita ma ta bambanta sata kawai da fasa gida, ta kuma ƙara wa fasa gida da dare nauyi. Da wani malami ya tuna mini da zancen hirzi sai na ji kunya, gama na ga tun dā masana sun ɗora wa mai kaya nasa rabon na kiyayewa.

Yanzu ga zancen ƙarfe da bulo, a taƙaice, domin magina sun fi ni iya shi. Kowa ƙofar gaba ya ke ƙawatawa, ɓarawo kuwa rufi da baya ya ke dubawa. Kwano ƙusa ce ke riƙe da shi, silin kuma ko yaro ya taka zai ɓurma. In da hali, a zuba dakin na kankare bisa ɗaki ɗaya a mai da shi ma'aji, in babu a shimfiɗa ragar rodi ƙarƙashin rufin wannan ɗakin. Ƙarafan taga a binne bakinsu cikin kankare tun ana gini, gama waɗanda aka manna daga baya da ɗan siminti, ƙarfe ɗaya a ke zurawa a banƙare su. Ƙofar baya ta zama daidai da ta gaba wajen ƙarfi. Kwaɗo kuma, ina gargaɗi a kansa. Ƙaton kwaɗo a rataye a waje shela ce ga duk mai wucewa cewa ba kowa ciki, in ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, ya ƙara faɗin tun yaushe. Kuba ta cikin ƙyaure ta fi rufa asiri. A kwashe ragowar bulo, da tulin yashi, da katakon da magina suka taka, daga gindin katanga, domin tsani ne ka kafa wa baƙon dare da kuɗinka. Ni ta kan ragowar bulona suka hau. Katanga mai tsawo ƙwarai ma tana da nata aibi, wanda ya riga ya dira ciki ya sami sutura, sai ya yi aikinsa maƙwabci bai gani ba.

Amma duk wannan jinkiri kaɗai ya ke sa ɓarawo. Ƙarfen da mai walda ya haɗa, wani mai zarto zai raba shi in an ba shi dare uku ba mai tari kusa. Abin da ke hana shi samun dare ukun nan mutum ne, a nan kuwa na yi babban kuskurena. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa unguwar nan, in tsai da babur, in yi faɗa da magina, in hau in tafi. Ban taɓa zuwa gaishe da mai unguwa ba. Ban san sunan mutumin da gidansa ke kallon nawa ba. An yi suna a can, an yi rasuwa, ban sani ba balle in je. Da abin ya faru na je ina tambaya, sai dattijon nan ya dube ni ya ce, "Malam, mun ga ana fita da kaya da rana a kura, muka ce kai ka aiko. Da wa za mu tambaya? Ko lambarka ba mu da ita." Ban sami abin cewa ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, tun ran da ka kafa harsashi ka fara zama ɗan unguwa. Ka je wurin mai unguwa da goronka, ka gabatar da kanka, ka yi salla a masallacinsu in lokaci ya riske ka a can, ka san maƙwabta huɗu na kusa da sunansu. In suna da 'yan sintiri, ka shiga biyan kuɗin wata tun ba ka tare ba, kada ka ce ai ba na kwana nan, gama gidanka ya fi na kowa bukatarsu. In za ka yi tafiya ka gaya wa mutum biyu ko uku da ka amince da su, ka ba su lambar wayarka, ka faɗa musu a fili cewa ba ka aiko kowa ɗaukar kome ba, duk wanda ya zo da sunanka a tsai da shi a kira ka. Wannan kalma ɗaya da na faɗe ta, da ƙyaurena uku suna nan.

Mafi kyau duka dai a sami mai kwana ciki. Tun farin 1973 da 1974, sa'ad da dabbobinsu suka ƙare, Buzaye da yawa suka shigo Kano da sauran birane suka kama aikin gadi, har suka yi suna a kansa. Ko Buzu ko wani, sharaɗin ɗaya ne: a san wanda ya tsaya masa, a kai shi gaban mai unguwa, a ba shi ɗaki mai ƙofa da ruwa da fitila, a biya shi ran da wata ya ƙare ba tare da ya roƙa ba. Mai gadin da aka bari wata uku ba albashi, shi kaɗai cikin duhu tare da kayan miliyoyi, an ba kura ajiyar nama, an kuma zalunci kurar da yunwa. Waɗansu su kan sa ɗan'uwa. Yana da kyau, sai dai shigar ɗan'uwa ta fi fitarsa sauƙi, na san gidan da zumunci ya lalace a kan haka. In za a yi, a rubuta takarda gaban shaidu, da ranar shiga da ranar fita, kada kunya ta hana. Ni a ganina malamin makaranta da aka kawo unguwar, ko ɗan bautar ƙasa, ya fi dacewa, domin shirin nan tun da aka kafa shi cikin 1973 shekara ɗaya a ke yi, in ta cika mutum da kansa ya ke ɗaure kayansa. In kuma akwai mai kwana, sai a mai da injin rijiya, a yi masa akwatin ƙarfe, a fid da famfo ɗaya waje don maƙwabta. Gidan da mata da yara ke layin ɗiban ruwa a ƙofarsa safe da yamma ya sami masu gadi da ba a biya, kowa kuma ya san in an sace injin shi zai koma sayen ruwan garuwa.

Ba ɓarawo kaɗai ke ɓata gidan da aka bari ba. Yara su kan mai da bangonsa allo su yi ta zane da gawayi, ƙwallonsu ta fasa gilashi. Gilashi ɗaya in ya fashe aka bar shi mako biyu, sauran ma sun tafi, domin kowa ya gane ba mai kula. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan a fara zuba shara a gindin katanga, masu liƙa hotunan 'yan takara su zo, daga baya samari masu shaye-shaye su gane sun sami mafaka. Damina kuma ciyawa ta rufe ƙofa, magudana ta toshe, ruwan Agusta ya kwanta a gindin gini, gara ta hau katakon rufi, da kaka ciyawar ta bushe ta jira wutar da wani zai cinna wa juji. Ka bar ɗan kuɗi hannun amintacce, a riƙa nome ƙofar gida, a share, a buɗe tagogi, abin da ya fashe a gyara ran nan.

Na'urorin zamani fa? Fitilar hasken rana mai kunna kanta da magariba tana da amfani, in an ɗaura ta can sama inda hannu ba ya kai. Kyamara mai aiko da hoto cikin wayar hannu ita ma na gwada, amma tana son wuta da intanet, abu biyu da ba su da tabbas a sabuwar unguwa, sa'an nan ido gare ta ba ta da ƙafa. Kana Abuja ka ga mutum bisa katangarka ƙarfe biyu na dare, in ba ka da wanda za ka kira a unguwar, kallon asararka kaɗai ka saya. Akwai lambar gaggawa 112 wadda a ke kira kyauta, amma maƙwabci ya fi kowa kusa. Wayar nan kuma a yi hattara da ita. Mutum ya sa hoton sabon gidansa a Facebook, gobe ya sa hotonsa a filin jirgi yana ban kwana zai tafi aikin Hajji, ya gaya wa duniya wurin kaya da yawan kwanakin da ta ke da su. Abu ɗaya kuma ina roƙo da babbar murya, kada baƙin ciki ya sa wani ya haɗa wutar lantarki da ƙofa ko taga. Wanda ta kan kama galibi yaro ne da ya zo ɗaukar ƙwallo, sai asarar waya ta koma shari'ar rai.

Takardun fili kada su kwana a gidan da ba kowa. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, takardar shaidar da gwamna ke sa wa hannu ita ce babbar hujjar mai gida a birni, akwai kuwa 'yan damfara da ke zagaya mai saye cikin gidan da ba nasu ba su karɓi kuɗi. Rubutun nan da mu ke gani a bango, mai cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, muni gare shi, amma waɗanda suka yi shi ba wauta suka yi ba. Wanda ya shiga inshora ko takaful kuma ya karanta sharuɗɗan da kyau, domin da yawa suna da magana a kan gidan da aka bari ba kowa kwanaki masu yawa.

Ni dai na mai da kwanona, na toshe silin, ban sake zura waya ba tukuna. Na nemo leburorin nan biyu na biya su. Wani malamin firamare yana zaune a ɗakin zaure shi da matarsa, da takarda gaban mai unguwa, dattijon da ke kallon gidana kuwa ko wace Juma'a mu kan gaisa ta waya, ran da akuya ta shiga ta ci ɗan mangwaron da na dasa ma sai da ya kira ya gaya mini.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Kano.